Tambaya: Ina ake samun tallafi ga yarinyar da ke son shiga tseren kwalekwalen iska a Ingila?

Maman Auta, Leicester

Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Wata magana ce ta sha mini kai, na ga ya fi dacewa in kawo ta gaban waɗanda suka riga ni daɗewa a ƙasar nan.

Shekararmu shida a Leicester. Ina aikin jinya, maigidana kuma yana tuƙa motar kai kaya. A bazarar bara makarantar su autata ta kai 'yan ajinsu wani tafki da ke bayan gari, aka koya musu tuƙa ƙaramin kwalekwale irin wanda ba shi da inji, wanda ake kafa masa doguwar sanda a ɗaura mata ƙyalle mai faɗi, iska ta riƙa tura shi. Yini biyu kacal suka yi, amma tun daga ranar yarinyar nan ba ta da zance sai na ruwa da iska. Shekarunta 11, kuma a da ba ta cika magana a cikin mutane ba, har malamanta sukan yi mana ƙorafi a kan haka. Da na ga yadda fuskarta take sakewa idan tana ba ni labarin yadda ta juya kwalekwalen ita kaɗai, sai na daure na sa ta a kulob ɗin da ke tafkin, tana zuwa duk safiyar Lahadi.

Makonni uku da suka wuce mai horar da su ya tsayar da ni a bakin mota, ya ce yarinyar tana da ido a kan iska, kuma yana ganin lokaci ya yi da za ta fara shiga tsere. Na yi murna ƙwarai, amma da na dawo gida na duba farashin kaya sai jikina ya yi sanyi. Sabon kwalekwalen yara na gasa yakan kai fam 3,000 ko ya haura, ban da rigar da ke riƙe ɗumin jiki, da rigar hana nutsewa, da inshora, da kuɗin shiga gasa. Mu kuwa, kamar yawancinmu a nan, akwai haya, akwai kuma na gida da ke jiran abin da za a aika musu duk wata.

Mai horarwar ya ambaci cewa akwai gidauniyoyi da ke taimaka wa yara masu farawa, amma yana sauri, ni kuma kunya ta hana ni tsananta tambaya. Shin akwai wanda ya taɓa bin wannan hanya? Waɗanne ne gidauniyoyin, me suke bayarwa, kuma ta yaya ake nema? Ina kuma son a faɗa mini gaskiya ko wannan wasa ne da talaka zai iya ɗorewa a cikinsa, domin ba na son in ɗora yarinya a kan hanyar da zan sauke ta a tsakiya.

Baban Samari, Portsmouth

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Babban ɗana ya yi shekara biyar a wannan harka kafin ya tafi jami'a, ƙaninsa kuma yana ciki har yanzu, saboda haka zan faɗa miki abin da na gani da idona.

Shawarata ta farko ita ce kada ki sayi kwalekwale a bana, ko da kin ga na hannu mai araha. Yawancin kulob-kulob suna da nasu da suke ba yara aro ko haya a kan kuɗi kaɗan, kuma a ƙaramin tseren da kulob ke yi tsakanin 'ya'yansa babu wanda yake duba ko sabo ne. Akwai kuma dalili na biyu, wato girman jikin yarinyar. Kwalekwalen da aka fi farawa da shi ana kiransa Optimist, tsawonsa kimanin mita 2.3 ne, kuma ana gasa da shi har zuwa shekara 15, amma yaro mai tsawo da nauyi yakan fi ƙarfinsa tun kafin ya kai wannan shekarun. Irin wannan yaron akan mayar da shi kan Topper, wanda ya fi girma, daga nan ya wuce ILCA 4, ƙaramin samfurin wanda ake gasar Olympics da shi. Na ga iyayen da suka yi tarin kuɗi suka sayi Optimist, kafin shekara ta zagayo yaron ya yi tsawo, dole suka sayar da asara. Ki bar mai horarwa ya dube ta na tsawon kaka guda tukuna.

Game da tallafi, uwar ƙungiyar wannan wasa a Birtaniya ita ce RYA, wadda hedikwatarta ke Hamble, kusa da mu nan. Tana da wani shiri mai suna OnBoard da ta fara a 2005 domin shigo da yaran da iyayensu ba su da alaƙa da ruwa, kuma akwai alamar ta wannan ƙofa makarantar su 'yarki ta kai su tafkin. Tana kuma da matakan koyo na yara guda huɗu, kowanne da shaidarsa a cikin ɗan littafin da ake ba yaro. Ki adana littafin nan da kyau, domin duk inda za ki nemi taimako shi ne shaidar farko da ke nuna cewa yarinyar ta yi nisa.

Gidauniyar da ta fi burge ni tana da alaƙa da garinku. John Merricks haifaffen Leicester ne, kuma shi da abokinsa Ian Walker suka ci lambar azurfa a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, a rukunin kwalekwalen mutum biyu da ake kira 470. A shekarar da ta biyo baya ya rasu a hatsarin mota a Italiya, inda ya je wata gasa, yana da shekara 26. Akwai tafki a wurin shaƙatawa na Watermead da ke gefen Leicester wanda aka sa wa sunansa. Abokansa da danginsa suka kafa gidauniya da sunansa, kuma daga 2013 ta haɗa hannu da RYA a wani tsari wanda har yau ban ga wanda ya fi shi hikima ba. A wancan lokacin akan zaɓi yaran da suka nuna himma amma iyayensu ba su da hali, a ba kowanne sabon kwalekwale ya riƙe shi kamar nasa har shekara biyu, bayan nan kuma kwalekwalen ya koma mallakar kulob ɗin da yaron ya fito, na baya su ci gaba da amfani da shi. Ta haka kyauta ɗaya takan ratsa hannun yara da yawa, kuma kulob ɗin kansa yana da riba idan ya tsaya wa yaronsa. A shekarun da na bibiyi abin, an ɗaura zaɓen ne da gasar yara ta shiyya-shiyya da RYA ke shiryawa a watan Satumba, wato sai an ga yaro a kan ruwa kafin a duba takardarsa. Sharuɗɗan irin waɗannan shirye-shirye suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka ki roƙi mai horarwa ya haɗa ki da jami'in RYA na shiyyarku, shi ne ke da labarin abin da aka buɗe a bana.

Ta biyu ita ce gidauniyar Andrew Simpson. Shi ma gwani ne, ya ci zinare a Beijing a 2008 da azurfa a Landan a 2012 tare da Iain Percy, sannan ya rasu a watan Mayun 2013 a mashigin ruwan San Francisco lokacin da jirgin da suke atisaye da shi ya kife. Matarsa da Percy da Ben Ainslie ne suka kafa gidauniyar. Ita ba ta cika ba mutum kuɗi a hannu ba, cibiyoyin koyarwa take gudanarwa, a Portland da Reading da nan Portsmouth da wasu wurare, inda take rage wa yara marasa hali kuɗin horo ko ta ɗauke musu. Wannan ya kawo ni ga abin da na daɗe ban gane ba: mafi yawan kuɗin tallafi a wannan wasa ba ya zuwa hannun iyaye, kulob ko makaranta ake ba, su sayi kwalekwale da jirgin ceto da kayan sawa. Saboda haka tambayar da za ki yi wa shugabannin kulob ɗinku ita ce wane tallafi suka karɓa domin yara, kuma ta yaya 'yarki za ta ci moriyarsa. Ba roƙo ba ne, domin da sunan irin 'yarki aka nemo kuɗin.

Akwai mataki na sama, amma wannan sai nan gaba. SportsAid, wadda aka kafa a 1976, takan ba matasan 'yan wasa kimanin fam 1,000 a shekara, akwai kuma shirin Backing The Best da ke kaiwa fam 5,000 a shekara ga waɗanda iyayensu ke da ƙaramin ƙarfi. Duka biyun ba a neman su kai tsaye, uwar ƙungiyar wasan ce take miƙa sunan yaro bayan ya shiga sahun waɗanda ake sa ran za su wakilci ƙasa. Na faɗe su ne domin kada ki ɓata lokaci kina cike fom ɗin da bai shafe ki ba tukuna.

Kin ce a faɗa miki gaskiya. Gaskiyar ita ce kwalekwalen ba shi ne babban nauyi ba. Sau ɗaya ake sayensa, kuma idan an kula da shi ana mayar da wani abu ranar sayarwa. Abin da ke cin aljihu shi ne tafiya. Idan yaro ya fara gasar shiyya, sai ki ga Asabar da Lahadi kuna wani gari mai nisan awa uku, ga mai, ga wurin kwana, ga abinci, ga aikin ƙarshen mako da kika bari wanda ya fi na sauran kwanaki kuɗi. Ni ina aikin dare ne a lokacin, kuma akwai shekarar da na ƙare hutuna gaba ɗaya a bakin ruwa, ina tsaye cikin sanyi ina hango ƙyallen ɗana. Abin da ya cece mu shi ne haɗa kai da wasu iyaye biyu, mota ɗaya ta ja kwalekwale uku, mu riƙa karɓa-karɓa. Ku kuma kun yi sa'a, domin Rutland Water, inda ake manyan gasannin yara, ba shi da nisa da ku, kuna iya zuwa ku kwana a gida.

Malamar Sakandare, Landan

Sannu Maman Auta, Allah ya tabbatar da alheri. Na karanta bayanin Malam Baban Samari, kuma babu abin da zan cire daga ciki, sai dai ina da ɗan bambancin ra'ayi a kan inda ya kamata ki sa ƙarfinki.

Hanyar da ya zayyana, wato yaro da kwalekwalensa shi kaɗai yana hawa daga gasar kulob zuwa ta shiyya zuwa ta ƙasa, hanya ce da aka gina a kan zaton cewa akwai uba ko uwa mai mota da lokaci. Ko an ba yarinya kwalekwale kyauta, wani ne zai ja shi ya kai shi, kuma a nan ne 'ya'yan ma'aikata irinmu suke zubewa, ba don sun gaza a kan ruwa ba. A ganina abin da ya fi ɗorewa ga iyali irin naku shi ne yarinyar ta kasance cikin rukuni, inda wata cibiya ce ke ɗauke da kaya da sufuri.

Misalin da kowa ya sani a nan arewacin Landan shi ne na makarantar Greig City Academy da ke Hornsey, makarantar gwamnati wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan baƙar fata ne da sauran baƙi, da dama kuma daga gidaje marasa ƙarfi. Wani malaminsu mai suna Jon Holt ne ya fara kai su ruwa, har suka sayi wani tsohon jirgin tsere mai suna Scaramouche, mai tsawon ƙafa 45. Ɗaliban da kansu suka riƙa zuwa gaban kamfanoni da ƙungiyoyi suna bayani domin tara kuɗin gyara shi. A 2017 suka shiga tseren Fastnet, wanda a lokacin ake tashi daga Cowes a zagayo wani dutse da ke kudu da Ireland a ƙare a Plymouth, tafiyar da ta haura mil 600 na teku, kuma suka kammala. Ɗaya daga cikinsu, Montel Fagan-Jordan, ya samu kyautar matashin matuƙi na shekara daga ƙungiyar 'yan jaridar da ke rubutu a kan wannan wasa. Babu ɗaya daga cikin yaran nan da iyayensa suka saya masa jirgi. Abin da suka samu shi ne malami mai naci, da makarantar da ta yarda, da masu taimako da suka ga rukuni tsayayye wanda za su iya sa kuɗinsu a ciki.

Ban ce ki jira sai makarantar 'yarki ta zama irin waccan ba, amma tunda za ta shiga sakandare, ki tambayi malamin wasanni ko suna da alaƙa da wani kulob, domin ƙananan gidauniyoyi na gari sun fi saurin amsa wasiƙar da ta fito da hatimin makaranta. Ki kuma duba ƙungiyar Sea Cadets, wadda ke karɓar yara masu shekarun 'yarki, tana da rassa har a garuruwan da ba su kusa da teku, kuma kuɗinta bai da yawa.

Akwai wata dabara da ban ga an ambata ba. Ba duk tsere ne na mutum ɗaya ba. Akwai kwalekwalen yara na mutum biyu, irin su RS Feva da Mirror da Cadet, ɗaya yana riƙe akala, ɗayan yana kula da ƙyallen gaba da daidaita nauyi. Mai kwalekwalen kullum yana neman abokin tafiya mai zuwa a kan lokaci wanda ba ya tsoron ruwa, kuma abokin tafiyar ba ya sayen komai sai kayan jikinsa. Ga yarinyar da kika ce ba ta cika magana ba, zama da wata 'yar'uwarta a cikin kwalekwale ɗaya, inda dole su riƙa sanar da juna kafin kowane juyi, yana iya yi mata amfanin da ya wuce kofi.

Baƙon Boston

Salamu alaikum. Ni a Amurka nake, amma na ga ya dace in ƙara abu biyu.

A nan Boston akwai wata cibiya a bakin kogin Charles mai suna Community Boating, wadda ta samo asali tun shekarun 1930 daga ƙoƙarin wani mutum mai suna Joseph Lee na sama wa yaran unguwannin talakawa abin yi a lokacin bazara. An san ta da tsarin da yaro daga gida marar ƙarfi yake biyan dala 1 kacal domin horon bazara gaba ɗaya, masu hali kuma su biya gwargwadon samunsu. 'Ya'yana biyu a can suka koya. Uwar ƙungiyar wasan ta Amurka ma ta fara wani shiri a 2019 da kuɗin iyalan Siebel, inda ta riƙa ba cibiyoyin al'umma kwalekwale da masu horarwa. Kin ga a nan ɗin ma tsarin ɗaya ne da wanda Malam ya bayyana, kuɗin yana bi ta cibiya ne.

Shi kansa Optimist ɗin da ake magana a kansa daga wannan tunani ya fito. Wani maƙerin jirage mai suna Clark Mills ne ya zana shi a 1947 a garin Clearwater na jihar Florida, bisa roƙon a samar da kwalekwalen da uba da ɗansa za su iya haɗawa da falankin katako a kan kuɗin da bai wuce dala 50 ba, 'yan kasuwar garin kuma suka riƙa ɗaukar nauyin yaran. Wato tun ranar farko da tallafi aka fara wannan abu, kuma saboda yaran da ba su da shi aka yi shi. Ina faɗin haka ne saboda kunyar da kika ce ta hana ki tambaya.

Abu na biyu gargaɗi ne. Wasu iyayenmu suna sa yaro a wasa da fatan wata rana zai samu karatun jami'a kyauta a Amurka, kamar yadda ake samu a ƙwallon kwando ko guje-guje. A tseren kwalekwalen iska ba haka abin yake ba, domin ƙungiyar da ke kula da gasar jami'o'i ta hana a ba ɗalibi tallafin karatu saboda gwanintarsa a wannan wasa. Yana iya ƙara wa takardar neman gurbinsa kyau, amma ba zai biya masa kuɗin makaranta ba. Duk abin da za ku kashe, ku kashe shi ne a kan abin da yarinyar ke samu yanzu.

Maman Auta, Leicester

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowannenku da alheri. Na karanta wa maigidana amsoshin a daren jiya, kuma mun tsayar da shawarar ba za mu sayi komai ba a bana sai kayan sawa. Maganar kwalekwalen mutum biyu ta kwanta mini, domin akwai wata yarinya a kulob ɗin da suke shiri da ita.

Sauran abu biyu ne ke damun mu. Na farko, maigidana ya ji cewa kuɗin da ake tallafa wa wasanni da shi a ƙasar nan daga cacar ƙasa yake fitowa, kuma hankalinsa bai kwanta da hakan ba. Na biyu shi ne sutura. Yarinyar ta fara sa hijabi, kuma rigar robar da suke sawa tana kama jiki. Yanzu tana ƙarama, amma nan da shekara biyu maganar za ta canza, kuma gara in san matsayina tun yanzu.

Baban Samari, Portsmouth

Hajiya, damuwar Alhaji tana kan hanya, ni ma na yi ta. Abin da ya ji gaskiya ne, amma ba duka kuɗin ba ne. Bayan gasar Atlanta ta 1996, inda Birtaniya ta tashi da zinare ɗaya tak a dukkan wasanni, aka fara zuba kuɗin cacar ƙasa a horar da manyan 'yan wasa daga 1997, kuma a Sydney a 2000 masu tseren kwalekwalen iska kaɗai suka kawo zinare uku da azurfa biyu. Hukumar Sport England, wadda ke ba kulob-kulob tallafi, tana samun kuɗinta daga cacar da kuma baitulmalin gwamnati, shi ma shirin Backing The Best da kuɗin cacar aka kafa shi. Amma gidauniyoyi irin ta Merricks da ta Simpson sun taso ne daga gudummawar mutane da tarukan tara kuɗi, kamar tseren Bart's Bash da aka fara a 2014 domin tunawa da Simpson, inda kulob-kulob na ƙasashe da yawa suke tsere a lokaci ɗaya. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba. Abin da na yi shi ne, duk tallafin da za a ba ɗana da sunansa nakan tambayi tushen kuɗin, kuma ban taɓa samun wanda ya ƙi faɗa mini ba, sannan na kai bayanin ga limaminmu na yi aiki da abin da ya ce. Ku ma ku tattara bayanin a rubuce ku kai wa malamin da kuka amince da shi.

Idan lokacin rubuta takardar nema ya zo, ki bar yarinyar ta rubuta nata ɓangaren da kanta, ko da Turancin bai goge ba, domin masu dubawa suna gane rubutun da babba ya yi wa yaro. Ke kuma ki kawo lissafi dalla-dalla: gasa nawa za ta je, nisan kowacce, abin da za ku iya biya da abin da ya gagara. Kada ki ɓoye cewa kina aikin karɓa-karɓa a asibiti, ki faɗi yadda kuka tsara wanda zai riƙa kai ta. Ki nemi mai horarwa ya rubuta mata shaida tun da wuri, ba ana gobe za a rufe ba. Kuma ko sau ɗaya a wata ne, ki ba kulob ɗin hannu a ɗakin shayi ko wajen rubuta sakamakon tsere, domin 'yan sa-kai ne ke tafiyar da yawancinsu, kuma idan labarin wani tallafi ya zo, iyayen da ake gani su ake fara tunawa.

Malamar Sakandare, Landan

Maman Auta, maganar sutura ta fi sauƙi a wannan wasa fiye da yawancin wasanni, kuma na raka ɗalibai mata musulmi ruwa sau da dama. Sanyin ruwan Ingila ya sa kowa rufe jikinsa yake yi daga wuya har idon sawu. A kan rigar robar ana ɗora rigar tare feshin ruwa, wadda sakakkiya ce, sannan rigar hana nutsewa, wasu kuma suna ƙara wando a sama. A hunturu akwai wata rigar da ba ta barin ruwa ya shiga sam, ana sa ta a kan tufafi, kuma ba ta kama jiki, sai dai ta fi tsada, don haka ki neme ta a wajen iyayen da 'ya'yansu suka girme ta.

Abin da za ki kiyaye shi ne hijabin kansa. Kada ta shiga ruwa da mayafi mai jela ko mai allura, domin akwai igiyoyi da yawa a cikin kwalekwalen, sandar da ke ƙasan ƙyallen kuma tana wucewa ta saman kai a duk juyi, kuma kifewa abu ne da ke faruwa ga kowane mai koyo. Ki saya mata hijabin ninkaya wanda ake zurawa, ki cusa ƙasansa cikin wuyan riga, ki kuma nuna wa mai horarwa ya duba shi kafin ta fita. Ki tambayi kulob ɗin ko ɗakin canza kaya na mata yana da wurin keɓewa, idan babu, akwai babbar rigar tawul da yara ke zurawa su canza kaya a cikinta, kuma kusan duk iyayen da ke bakin tafkin suna da ita a bayan mota.